Koyon Saƙar Kwarashi da Bin Rubutaccen Tsari: Tambayoyi da Amsoshi

Mata da yawa a wajenmu sun iya saƙa ta hanyar gani da ido, wajen inna ko yaya ko maƙwabciya, kuma hannunsu ya faɗa sosai. Amma da zarar an miƙo musu takarda mai ɗauke da tsarin hula ko riga, cike da guntayen haruffa da taurari da lambobi, sai su ce wannan ba nasu ba ne. Nasu ne. Duk abin da ke cikin takardar nan ƙirga ne, kuma wadda ta iya gane idon saƙarta ta ƙirga shi, ta riga ta yi rabin karatun. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi.

Mene ne bambancin saƙar kwarashi da ta kibiya?

A saƙar kibiya tsinke biyu ake riƙewa, idanun saƙar duka suna jere a kansu. Kwarashi kuwa guda ɗaya ne mai ƙugiya a baki, kuma yawancin lokaci zoben zare ɗaya tak ne a kansa. Idan ya zame, ido ɗaya ko biyu ne za su warware, ki mayar ki ci gaba. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ta soma da kwarashi. Injin saƙar nan da ake yi wa jarirai rigunan sanyi da shi, saƙar kibiya yake fitarwa. Ta kwarashi har gobe da hannu ake yin ta.

Me zan saya kafin in fara?

Kwarashi ɗaya mai kaurin milimita 5, ko 4 idan ba ki samu ba, da dunƙulen zare ɗaya mai matsakaicin kauri. Lambar kaurin tana rubuce a jikin kwarashin, a ɗan wurin nan mai faɗi inda babban yatsa yake zama. Idan ɗan Amurka ne za ki iya ganin harafi: H-8 shi ne milimita 5, G-6 shi ne milimita 4. Sai almakashi, da tef ɗin awo irin na tela, da allura mai faɗin hanci wadda bakinta ba shi da tsini, don ɓoye jelar zare. Fil guda biyu ko uku sun isa wajen yin alama.

Kada ki fara da siririn kwarashin ƙarfen nan na milimita 1 ko 2 da ake saƙa marfin kwano da leshi da shi. Aikinsa yana da kyau, amma ido ba ya ganin abin da hannu yake yi, kuma mai koyo gani take bukata.

Wane irin zare ya fi dacewa da mai koyo?

Mai haske, mai santsi, wanda ba ya rarrabuwa. Ruwan madara, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske, duk sun yi. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ki bar su sai gaba, domin a cikinsu ba a ganin inda za a soka kwarashi, balle da dare idan an ɗauke wuta. Haka nan mai gashi-gashi da mai ƙyalƙyali: idan kika yi kuskure ba ya warwaruwa, sarƙewa yake yi.

Mafi yawan ulun da ke kasuwanninmu akirilik ne, wato zaren roba, ba gashin tumaki ba. Yana da araha, yana wankuwa, ya isa koyo da kayan sanyi. Sai dai ba ya shiri da zafi, narkewa yake yi. Don haka abin sauke tukunya ko abin ɗora butar shayi, da zaren auduga ake saƙa su. Idan mai shago bai san abin da yake sayarwa ba, yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a tsakar gida: akirilik zai narke ya dunƙule ya yi tauri, auduga za ta ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, gashin tumaki kuwa ƙaurin ƙonannen gashi za ki ji.

Zaren da ya zo da takarda a jiki, ki karanta ta kafin ki yar. Akwai nauyinsa, sau da yawa giram 50 ko 100, da tsawonsa a mita, da kwarashin da ya dace da shi, da lambar rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma lambar rini daban suna iya bambanta kaɗan, kuma ba za ki gane ba sai kin shimfiɗa bargon a rana. Ki sayi abin da zai ishe ki a tashi ɗaya. A tsare-tsaren Amurka ana kasa kaurin zare daga lamba 0 zuwa 7, kuma lamba 4 ita ce matsakaiciyar da nake nufi. Idan na kasuwarku siriri ne, haɗa biyu ki saƙa su tare.

Yaya ake riƙe kwarashi? Ni kuma bahaguwa ce.

Wasu suna riƙe shi yadda ake riƙe biro, wasu su damƙe shi ta sama yadda ake riƙe wuƙa. Duka daidai ne. Babban aikin ma yana ɗaya hannun, wanda zare yake ratsa yatsunsa, domin shi ne yake daidaita taurin saƙa. Bahaguwa ta riƙe da hagunta, kada kowa ya tilasta mata sauyawa. Saƙarta za ta riƙa tafiya daga hagu zuwa dama, amma tsarin da ƙirgar duk ɗaya ne. Idan mai koya mata da dama take yi, su zauna suna fuskantar juna, ta kwaikwayi abin da take gani.

Saƙa iri nawa ya kamata in iya kafin in taɓa rubutaccen tsari?

Biyar sun isa, kuma dukkansu daga motsi ɗaya suka fito: naɗa zare a kwarashi, jawo shi ta cikin zobe.

Ana farawa da ƙullin zarge a kan kwarashi. Daga nan sai sarƙa, wadda ake rubuta ta ch: ki naɗa, ki jawo, ki naɗa, ki jawo. Ita ce harsashin yawancin ayyuka. Gajeren ido, sc a rubutun Amurka, shi ne ki soka kwarashi a ido, ki naɗa ki jawo, zobe biyu ke nan a kan kwarashi, ki sake naɗawa ki fitar ta cikin biyun. Matsakaici, hdc, sai kin naɗa tukuna kafin ki soka. Bayan kin jawo za ki ga zobe uku, ki naɗa ki fitar ta cikinsu baki ɗaya. Dogon ido, dc, farkonsa ɗaya da matsakaici, amma zoben ukun biyu-biyu ake sauke su: ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage. Na biyar shi ne idon haɗi, sl st, wanda ba shi da tsawo: ki soka, ki naɗa, ki jawo ta cikin idon da zoben da ke kan kwarashi a lokaci ɗaya. Da shi ake rufe zagaye.

Akwai wanda ya fi dogon tsawo, tr, da ake naɗa masa sau biyu kafin a soka. Ranar da kika bukace shi za ki iya shi cikin minti biyar.

Me ya sa saƙata take tsukewa ko take buɗewa a gefe, alhali murabba'i nake so?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ita ce mabuɗin karanta tsari.

Ɗaga saƙarki ki dubi samanta, ba fuskarta ba. Za ki ga idanun a jere, kowanne da zare biyu da suka haɗu a ƙasa suka buɗe a sama, suna bin juna kamar kitson kalaba. Kowane ɗaya daga cikinsu ido ɗaya ne, kuma a ƙarƙashin zaren nan biyu ake soka kwarashi, sai fa idan tsari ya ce a ɗauki na gaba ko na baya kaɗai. Zoben da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi, haka ma ƙullin farko.

Saƙa tana tsukewa ne domin ana tsallake idon ƙarshe na layi. Shi wannan ido yakan kwanta a gefe ya matse, sai mai koyo ta ɗauka ta gama layin, ta juya. Layi goma, ido goma sun tafi, mayafi ya koma alwatika. Buɗewa kuma tana zuwa ne daga saka ido biyu a wuri ɗaya a farkon layi. Maganin duka biyun shi ne ki maƙala fil a idon farko na kowane layi da zarar kin yi shi. Idan kin juyo kin dawo, inda fil yake nan ne ƙarshenki. Sannan ki ƙirga a ƙarshen kowane layi. Kin fara da 20, ki tabbatar 20 ne. Na san yana da gundura, amma ban san wata hanya da ta fi ta ba, kuma bayan ɗan lokaci ido da kansa zai riƙa gaya miki akwai matsala kafin ki ƙirga.

Akwai kuma sarƙar juyi. Kafin ki fara sabon layi sai kin yi ɗan tsani da zai kai ki tsawonsa: sarƙa 1 ga gajeren ido, 2 ga matsakaici, 3 ga dogo. A dogon ido, sarƙar nan uku yawanci ana ɗaukarta a matsayin ido na farko, don haka ba a sake saka wani a gindinta, kuma idan an dawo sai an saka ido a samanta. A gajeren ido kuwa ba a ƙirga ta. Tsari mai kyau zai faɗa miki wanne ya ɗauka, ki nemi wannan bayanin kafin ki fara.

Ban iya Turanci sosai ba. Zan iya bin tsari kuwa?

Ƙwarai. Kalmomin da suke maimaituwa ba su da yawa, kuma ko Baturiyar da ba ta saƙa ba za ta fahimci layin ba. Ga misali:

Rnd 3: \*2 sc in next st, sc in next st, rep from \* around. (18)

Rnd zagaye ne, st ido ne, rep maimaitawa ce. Abin da layin yake cewa: a zagaye na uku, ki saka gajeren ido biyu a cikin ido na gaba, sai guda ɗaya a wanda ke biye da shi, ki koma inda tauraro yake ki maimaita har ki zagayo. Lambar ƙarshe tana nufin idan kin gama ki ƙirga ki samu 18. Gwada lissafin: zagayen baya yana da 12, kowane biyu sun zama uku, shida sau uku 18. Idan kin samu 17 ko 19, kuskuren yana cikin wannan zagayen, ba sai kin warware duka ba.

Sauran da za ki riƙa cin karo da su: inc ƙari, dec ragi, sk tsallake, yo naɗa zare, sp gurbin da sarƙa ta bari. Ki rubuta su da ma'anarsu a bangon littafi. Kafin ki ɗauki kwarashi, ki karanta tsarin daga farko har ƙarshe, sannan ki sake rubuta layukan da Hausa yadda za ki gane, kina sa alama a kan wanda kika gama. Idan yaro ya yi kuka ko tukunya ta kira ki, kin san inda kika tsaya.

Na bi tsari daidai amma abin ya fito rabin tsawon na hoto. Me ya faru?

Mai yiwuwa kin faɗa tarkon Amurka da Ingila. Ƙasashen biyu suna amfani da sunaye iri ɗaya ga idanu daban. Abin da Amurka take kira sc, Ingila dc take ce masa. Abin da Amurka take kira dc, a Ingila tr ne. Matsakaicin da Amurka take rubutawa hdc, a can htr ne. Wato dc ɗin Ingila gajere ne, na Amurka dogo, kuma dogon ya kusa ninka gajeren.

Hanyar ganewa mai sauƙi: idan kika ga sc ko hdc a ko'ina cikin tsarin, na Amurka ne, domin Ingila ba ta da su. Idan kika ga htr, na Ingila ne. Idan babu ko ɗaya, ki dubi sarƙar juyi da hoton. A Najeriya da Gana abin ya fi rikitarwa, don tsofaffin littattafan saƙa da malaman da suka koya daga gare su sukan bi salon Ingila, bidiyon YouTube kuwa yawancinsu salon Amurka ne. Duk wadda za ta koya miki, ki ce ta nuna miki da hannu abin da take nufi da dc.

Waɗannan zane-zanen masu alamomi fa?

Ni na fi son su da rubutu, kuma ga mai Hausa sun fi sauƙi, domin babu harshe a cikinsu. Ɗan ƙwai a kwance sarƙa ce. Ɗigo idon haɗi ne. Alamar x ko + gajeren ido. Harafin T matsakaici, T mai karan tsaye da aka gitta masa layi ɗaya dogon ido, mai layi biyu wanda ya fi shi tsawo. A waɗannan biyun masu gittawa, yawan gittawar shi ne yawan naɗin farko. Zanen yana nuna miki inda kowane ido ya tsaya a kan na ƙasansa. Na zagaye daga tsakiya ake fara karanta shi, na layi daga ƙasa zuwa sama. Littattafan Japan kusan duk da zane suke zuwa, haka ma da yawa na Rasha, kuma ana saƙa su a ko'ina ba tare da an iya karanta kalma ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke samun tsari da Faransanci, wannan hanya ta raba su da wahalar fassara.

Dole ne in saƙa ɗan gwajin awo kafin in fara?

Idan mayafi ne ko abin goge kwano, a'a. Idan abin da za a sa a jiki ne, dole. Hannu ya bambanta: wata tana matsewa, wata tana saki. Mai tsarin za ta ce, misali, ido 14 ne a santimita 10. Ke kika gwada kika samu 16. Bambancin kamar ba komai, amma hular da aka shirya ta zama santimita 50 da ido 70, a hannunki za ta tsaya wajen 44, ba za ta shiga kan mai ita ba. Ki saƙa ɗan yanki da ya ɗan fi santimita 10, ki auna a tsakiyarsa. Idan idanunki sun yi yawa, ƙara kaurin kwarashi. Idan sun yi kaɗan, rage.

Da wane aiki zan fara?

Da ɗan murabba'i na gajeren ido, ido 20 a layi, har gefensa ya miƙe. Sai wani na dogon ido. Sannan hular jariri, tunda hunturu ba ya wucewa ba a nemi ta ba, kuma ita za ta koya miki saƙar zagaye. Ƙa'idar zagaye ba ta canzawa: a gajeren ido ana farawa da 6, kowane zagaye a ƙara 6, wato 12, 18, 24. A dogon ido ana farawa da 12, a riƙa ƙara 12. Idan faifan ya fara lanƙwasowa sama, ƙarin ya yi kaɗan. Idan bakinsa ya yi tattara, ya yi yawa. Kan sabon jariri yana kai wajen santimita 35 a kewaye. Ki raba da 3.14, zai ba ki kimanin 11. Idan faɗin faifan ya kusa haka, ki daina ƙari, ki ci gaba da zagayawa, hular za ta sauko da kanta. Da wannan lissafin za ki saƙa wa kowane kai hula ba tare da takarda ba.

Kayan jariri kada a sa musu maɓalli ko duwatsun ado ko doguwar igiya a wuya.

Namiji zai iya koyo?

Me zai hana? A ƙasar Hausa maza da yawa suna kan masaƙa, maza ne suke ɗinkin babbar riga da allura. Ƙananan hulunan nan farare na zuwa masallaci, da yawansu saƙar kwarashi ce da zaren auduga siriri.

Daga ina wannan saƙa ta fito?

A siffarta ta yau, a Turai ta bunƙasa a farkon ƙarni na 19. Bayanin yadda ake yin ta ya fito a wata mujallar mata ta ƙasar Holan a 1823. Lokacin babbar yunwar Ailan da ta fara a 1845, an koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi, iyalai da yawa suka rayu da kuɗinta.

Hannuna yana ciwo, kuma saƙata ta yi tauri har kwarashi ba ya shiga.

Matsewa ce ta yi yawa, kuma kusan kowa da ita yake farawa. Ki riƙa tura zoben zuwa jikin kwarashi mai kauri, kada ki bar shi a wuyan ƙugiya inda ya sirance, domin jikin ne yake yanke girman ido. Idan sarƙar farko ce take matsewa, yi ta da kwarashin da ya fi kauri, sannan ki koma naki. Ki riƙa ajiyewa kina miƙe yatsu. Ciwon da ya zo da mutuwar yatsu ko ya ƙi tafiya bayan hutu, a kai shi asibiti.

Yaya ake gamawa, kuma yaya ake wanke shi?

Ki yanke zare ki bar jela mai tsawon kamar santimita 15, ki jawo ta ta cikin zoben ƙarshe ki ja. Kada ki ƙulla ki datse a gindi, wanki biyu zai warware. Ki zura jelar a allura, ki bi da ita ta cikin idanu ta bayan saƙar, ki juyo ki koma ta wata hanyar, sannan ki yanke. Wanki da hannu a ruwan sanyi, a matse a hankali ba a murɗe ba, a shimfiɗa a inuwa. Idan aka rataye shi a igiya da ruwa a jiki zai zazzago ya ɓata siffa. Akirilik ba a sa masa dutsen guga.

Zan iya sayar da abin da na saƙa daga tsarin wata?

Yawancin masu tsari suna yarda a sayar da abin da aka saƙa da hannu, kuma sukan rubuta sharaɗinsu a farko ko ƙarshen takardar, sai ki duba. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a kwafi tsarin da suke sayarwa a raba a WhatsApp, ko a ɗauki hotonsu a yi talla da shi. Haƙƙi ne, matar ta ɓata lokaci tana lissafi da gwaji. Wajen sa kuɗi kuma, ki lissafa zaren da ya shiga da awoyin da kika zauna. Masu saye za su kwatanta miki da kayan inji na kasuwa, sai ki juya musu cikin saƙar su ga yadda aka ɓoye jela da yadda gefe ya miƙe. Idan aikin oda ne, ki karɓi kuɗin zare kafin ki fara, ki kuma auna mai shi da tef da hannunki.